Babban Gwani na Zazzau da Gadon da Ya Bar wa Magina

Malaman da suka yi magana a kan zaman duniya da abin da yake tsayar da ita, tun daga Imamu Gazali a cikin Ihya'u har zuwa Ibn Haldun a cikin Muƙaddima, sun haɗu a kan cewa gini yana cikin sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsu, har ma Gazali ya jera shi tare da noma da saƙa da shugabanci, ya nuna su huɗun nan su ne tushe, sauran sana'o'i kuwa hidima suke yi musu. Amma duk da wannan daraja, in mutum ya bi tarihin ƙasar Hausa zai tarar an kiyaye sunayen sarakuna da salsalarsu, an kiyaye sunayen malamai da talifansu, na jarumawa kuma suna bakin makaɗa, alhali mutanen da suka ɗaga ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina sun shuɗe ba mai ambatonsu. Daga cikin magina na ƙarnin jihadi, mutum guda ne sunansa ya ƙi ɓacewa, domin aikin hannunsa ya gagari mantuwa, shi ne Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ruwayoyi suke kira Malam Mika'ilu, jama'a kuwa suka fi saninsa da laƙabinsa na Babban Gwani.

Ba a fahimtar mutum sai an fahimci zamaninsa. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1804, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura yake ɗauke da sunansa har yau, ya halarta tare da jama'arsa Alibawa na ƙasar Zurmi, sai aka shiga wani zamani na kafa garuruwa da raya su, gama daular da aka kafa da takobi ba ta zauna sai da kasuwa da makaranta da masallaci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, ya zaunar da su a garuruwansa, ya gina birane, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Tun da yake kuwa sallar Juma'a tana cikin manyan alamomin da gari yake zama gari da su a shari'a, kowane sarki daga cikin masu tutar jihadi ya so a ce masallacin birninsa ya dace da sabon al'amarin da aka tsayar. A cikin wannan hali ne Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya ɗora wa Muhammadu Durugu aikin gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, daura da ƙofar fada.

Domin mai karatu ya san girman abin da wannan bawan Allah ya yi, wajibi ne ya fara sanin matsalar da take gaban kowane magini a ƙasarmu a wancan lokaci. Ba ƙarfen gini, ba siminti, ba dogayen katakai irin na ƙasashen kurmi. Abin da yake hannu shi ne jar ƙasa da ruwa da ciyawa, sai kuma azara, watau gangar giginya da aka faskare tsawo-tsawo, wadda take da ƙarfi ƙwarai, gara kuma ba ta cinta, amma tana da iyaka guda: in aka gicciya ta tsakanin bango da bango aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta jure faɗin da ya wuce wajen mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan shi ya sa sorayen talakawa suke da ƙunci, shi ya sa kuma tsofaffin masallatai suke cike da ginshiƙai kusa da kusa, har mai salla a sahun baya ba ya ganin liman. Tambayar da take gaban magini ita ce, ta yaya za a rufe fili mai yalwa da itacen da bai kai faɗinsa ba?

Amsar da magina Hausawa suka gano, wadda Babban Gwani ya kai ta matuƙa, ita ce bakan gizo. Magini yakan fara ne daga jikin bango ko ginshiƙi, wajen tsayin kafaɗar mutum, ya kafa damin azara a cikin ginin, ya ɗan karkata shi zuwa tsakiyar ɗaki, ya ɗaure shi tamau da igiya, ya lulluɓe da laka, sa'an nan ya ƙyale shi ya bushe. In ya bushe sai ya hau kansa ya ɗora wani damin, wanda gindinsa ya haɗe da na farko, kansa kuwa ya zarce shi ya ƙara sunkuyawa. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe da wancan, hawa bayan hawa, kowane hawa yana jiran na ƙasa da shi ya yi ƙwari, har kawunan biyu su kusanci juna a sama, a gicciya azara a ƙulle su, a shafe duka da laka ta yadda mai kallo ba zai ga gaɓa ko ɗaya ba, sai baka guda mai santsi. In aka sa irin waɗannan bakuna suka ratsa juna a tsakiya, wanda magina suke kira ɗaurin guga, sai rufin ya rabu gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba, a shimfiɗa ta a kai, a bi da zana, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa. Da wannan dabara ake rufe faɗin da ya ninka tsawon da azara take ɗauka sau uku ko huɗu, ba kuwa tare da an kafa wani katakon tallafi daga ƙasa ba.

Shi kansa bangon da yake ɗauke da wannan nauyi yana da nasa ilmin. Akan haƙo ƙasa a kwaɓa ta da ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake kwaɓawa, kana a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe. Wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa da rani ya ga yadda magini yake hawa kan bango ya yi zaman doki, yaransa suna ƙasa suna cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, yana jerawa tsini sama, yana cike tsakani da laka, yana ja da baya a hankali, bangon kuwa yana tashi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Idonsa ne ma'auninsa, sai taku da kamu da igiya. Bayan an gama sai a kare ginin daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, a kafa indararo mai tsawo domin ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango. Dubi yadda sana'a take riƙe da 'yar'uwarta, abin da marini da majemi suka zubar shi ne garkuwar magini.

Duk waɗannan abubuwa Muhammadu Durugu ya tarar da su, ya kuwa gaje su kamar yadda sauran magina suka gada. Fifikonsa yana cikin yadda ya sarrafa su. A masallacin Zariya ya tsara harabar da katanga ta kewaye, da zauruka na shiga inda ake alwala, da ɗakin shari'a a haɗe da masallacin, domin hukunci ya kasance a inuwar ibada, sa'an nan babban ɗakin salla wanda tulluwa shida suka rufe. Ginshiƙan da suke ɗauke da tulluwan manya ne ƙwarai, amma ya san inda zai ajiye kowanne, ya haɗa waɗansu biyu-biyu, ya fitar da bakuna daga jikinsu ta fuskoki dabam-dabam, ta yadda wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga rufin yana hawa yana sauka cikin nizami, sahu kuma yana miƙewa ba abin da ya katse shi. Adon da ya yi wa ginshiƙan zane ne mai zurfi da aka fitar a jikin lakar tun tana ɗanya, layuka masu kauri da da'irori da kusurwoyi, babu surar mai rai, babu kuma cunkoso, ado ne na mutumin da ya san cewa ɗakin Allah yana bukatar kwarjini da natsuwa. Ya yi wannan duka ba tare da zane a takarda ba, domin taswirar ginin tana cikin ƙirjinsa tun kafin a haƙa harsashi, wannan kuwa shi ne haƙiƙanin aikin da masana na yau suke shekaru a jami'a suna koyo: mutum ya ga gini cikakke a zuci, da nauyinsa da haskensa da iskarsa, tun babu ko tubali ɗaya a ƙasa.

Da sunansa ya bazu sai sarakuna suka riƙa nemansa. A ƙasar Bauci, zamanin Sarki Ibrahimu ɗan Yakubu, an danganta masa ginin gidan Madaki a garin Kafin Madaki wajen 1860, wanda soronsa ya shahara har ake kiransa da sunan magininsa, gwamnati kuma ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare tun 1956. Game da ƙarshen rayuwarsa kuwa, ruwayar da ta shahara a bakin mutanen Zazzau tana cewa ya gina wa wani Sarkin Birnin Gwari masallaci, da sarkin ya ga kyansa sai kishi ya kama shi, ya sa aka kashe maginin don kada ya gina wa wani irinsa. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da yawa, abin da yake nunawa a fili kuwa shi ne matsayin da mutumin ya kai a zukatan jama'a, har suka ga aikinsa abu ne da sarakuna za su yi hassada a kansa. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar da sarautar magina a Zariya, akwai kuma unguwa a cikin birnin da ake kira Babban Gwani har gobe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aikin da ya yi wa ɗakinSa ya zama nauyi a mizaninsa.

Sa'an nan zamani ya juya. Turawa suka zo da nasu kayan gini, hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, ta riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa kudu, tana dawowa da kwano da siminti da ƙusa. Sannu a hankali rufin kwano ya zama alamar arziki, ginin ƙasa kuwa ya zama alamar rashi, har ɗan magini ya fara jin nauyin a kira shi da sana'ar ubansa. Masallacin Zariya ma bai tsira ba, gama a cikin shekarun 1970 an rushe sassan harabarsa, aka gina sabon masallaci na kankare wanda ya lulluɓe abin da ya saura na tsohon ɗakin salla a cikinsa. Abin da ya taimaka shi ne, kafin wannan ya faru wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi dalla-dalla, daga baya kuma ya sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990 bayan rasuwarsa. Daga cikin 'ya'yan ƙasa, Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina ya ɗauki ilmi daga bakinsu, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ginin Hausa a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981. Wata Ba'amurkiya mai zanen gine-gine kuma, Labelle Prussin, ta fitar da littafinta Hatumere a 1986 a kan fasahar Musulunci a Afirka ta Yamma. Da hannun irin waɗannan ne sunan Babban Gwani ya shiga littattafan da ake karantawa a makarantun gini na duniya.

Kada mai karatu ya zaci wannan ilmi ya mutu tare da mutanen da. A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, akwai ƙauyen Yama, inda a 1962 dattawan gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani magini manomi ɗan garin, Alhaji Falke Barmu. Aikin gayya aka yi, wani ya buga tubali, wani ya ɗebo ruwa, wani ya kawo itace, kowa gwargwadon ikonsa. Da farko ginin mai sauƙi ne, amma a 1975 Falke ya sake rufin da bakuna, ya ɗora ƙubba a tsakiya, daga 1978 zuwa 1982 kuma ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi huɗu, kowace da siffarta dabam. Da yake giginya ta yi ƙaranci a ƙasarsu, sai ya riƙa ɗaure ƙananan sanduna dami-dami yana lanƙwasa su yana yin baka da su, watau ya ɗauki ƙa'idar ya daidaita ta da abin da ƙasarsa take bayarwa, wanda shi ne alamar mai ilmi na gaskiya. A 1986 aka ba wannan masallaci lambar Aga Khan ta gine-gine, wadda take cikin mafi daraja a duniyar Musulmi, manomin Adar ya tsaya sahu ɗaya da masu manyan digirori.

Bayansa kuma ga Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, wadda ta fara da ilmin kwamfuta a Amurka, daga baya ta bar shi ta karanci zanen gine-gine a Jami'ar Washington, ta gama a 2013, ta komo ta buɗe ofishinta a Yamai. A garin Dandaji na jihar Tawa, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, mutuniyar Iran, sun tarar da tsohon masallacin ƙasa irin salon Falke Barmu ya tsufa, jama'a suna bukatar wanda ya fi shi girma. Sai suka gyara tsohon suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa wanda inji yake matsewa, suka kuma jawo magina na gargajiya cikin aikin, aka kammala a 2018 aka sa wa wurin suna Hikma. Ga ilmin jami'a, ga ilmin gado, sun zauna wuri ɗaya kowanne ya ƙarfafa ɗan'uwansa.

Adalci ne a faɗi aibin ginin ƙasa kamar yadda aka faɗi falalarsa. Yana son kulawa, in aka yi sakaci da yaɓe da gyaran indararo kafin damina, ruwa zai ci shi. Ba ya jure ambaliya in an kafa shi a kwari. Giginyar da ake samun azara daga gare ta tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, an kuwa sare da yawa ba a dasa ba. Amma waɗannan duka suna da magani a yau: harsashi na dutse da siminti wanda ya ɗaga bango daga damshi, matsattsen bulo, rufi mai baki da ya zarce bango. Falalarsa kuwa duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu a Shinkafi, sa'an nan ya wuni a zauren ƙasa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, bai kai ga cikin ɗaki ba sai dare ya yi, sa'ad da iska ta huce, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ƙasar tana nan a bayan gari ba a sayo ta da kuɗin waje ba, ladan aikin kuma yana zama a hannun 'yan gari. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin laka aka fara gina shi a Madina, ginshiƙansa gangar dabino, saboda haka babu ƙasƙanci ga Musulmi a cikin ginin ƙasa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi mutanen arewacin Zamfara fiye da kowa a yau bayyane yake. Fitinar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, an ƙone gidaje da rumbuna, waɗansu kuma damina ta rushe su bayan masu su sun yi gudun hijira. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, muna kuwa roƙonSa Ya gaggauta kawo shi, dubban iyalai za su koma kufansu ba su da kuɗin siminti da rodi, abin da zai yi musu sutura shi ne ƙasar da take ƙarƙashin ƙafafunsu da hannun wanda ya san yadda ake sarrafa ta. In kuwa tsofaffin magina suka ƙare kafin ranar nan ba su bar magada ba, to, an yi asarar da kuɗi ba ya mayarwa, sana'ar da jama'a ba ta wadatuwa ga barinta kuwa malamai sun ce koyonta farali ne na kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan Ƙaura da Zurmi da Shinkafi shi ne su nemi dattawan magina da suka rage a ƙasashensu, su girmama su, su hana a rushe tsofaffin zauruka da masallatai sai bayan an auna su an ɗauki hotonsu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa tun 1983, ita ta fi cancanta ta buɗe ƙofarta ga waɗannan dattawa, su zauna da ɗalibai su nuna musu ɗaurin baka da haɗin laso da hannunsu, ɗaliban kuma su rubuta, su gwada, su ƙara da abin da ilmin zamani ya zo da shi. Manomi ya dasa giginya a gefen gonarsa ko da ba shi zai sare ta ba, mai hali kuma in zai gina zaure ko makarantar allo ya ba maginin garinsu aikin. Kai kuma saurayi da ka gaji wannan sana'a, riƙe ta da kyau, ka nemi ilminta wurin manya tun suna raye, gama sana'ar da ta ɗaukaka Muhammadu Durugu har sarakuna suka yi layi a ƙofarsa ba za ta kunyata ka ba.